Ƙaramin Injin Wanke-wanke: Wanne Ya Fi Shiru, Kuma Wane Sabulu Ya Dace da Shi?

A sati na uku da na sayi ƙaramin injin wanke-wanke, irin wanda ake ɗorawa a kan kantar kicin, sai ya fara tari. Ban sami wata kalma da ta fi wannan dacewa ba. Da farko sautinsa ɗaya ne, shuuu, kamar yayyafi a kan ganye. Yanzu kuwa sai ya yi shuuu na ɗan lokaci, ya sarƙe, ya yi gurnani, ya sake kamawa. Har na fara kitsa maganar da zan faɗa wa wanda ya sayar mini da shi. Wani dare na danna maɓallin tsayarwa, na jira farfelar fesa ruwa ta daina juyawa, na buɗe ƙofar. Kumfa ce fari fat ta lulluɓe ƙasan injin, ko filta ba a gani. Na tsoma yatsa, ta kai gaɓa ta biyu. Ashe injin lafiyarsa ƙalau. Ni ne nake goge faranti da soso mai sabulun hannu kafin in jera su, sannan in jefa ƙwayar sabulu guda cur, wadda aka auna don injin da ya ninka nawa girma.

Tun daga ranar na daina raba maganar ƙara da maganar sabulu. Ƙarar ƙaramin inji kashi biyu ce. Akwai wadda aka ƙera shi da ita, wannan ba ta da magani sai a wurin saye. Akwai kuma wadda ke zuwa daga baya, kuma mafi yawanta daga hannun mai injin take, musamman daga abin da yake zubawa a aljihun sabulu.

Ƙanana uku da ake kira da suna ɗaya

Idan aka ce ƙaramin inji, abubuwa uku daban-daban ake nufi, kuma kunne ba ya jin su iri ɗaya.

Na farko shi ne siriri mai faɗin santimita 45, wanda tsawonsa ɗaya da babban inji mai santimita 60, ana tura shi ƙarƙashin kanta. Yana ɗaukar kayan cin abincin mutum 9 zuwa 10. A gaskiya wannan babban inji ne da aka rage wa faɗi: cikinsa ƙarfe ne mara tsatsa, an manna masa fallayen kwalta a bayan ƙarfen don kashe girgiza, an lulluɓe shi da wani abu kamar bargo, ga kuma akwatunan kicin sun kewaye shi hagu da dama, kanta ta rufe shi ta sama. Duk waɗannan suna shanye sauti kafin ya iso kunnenka. Galibinsu suna tsakanin desibel 43 da 49, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti.

Na biyu shi ne na kan kanta mai ɗaukar kayan mutum 6, faɗinsa kamar santimita 55, tsayinsa kamar 45. Ana haɗa shi da famfon kicin, tiyon fitar da ruwa kuma a saka shi a kwamin wanke-wanke. Nagartattun cikinsu suna wajen desibel 48 ko 49, sauran kuma sun haura 50. Amma babbar matsalarsa wurin zamansa ne. Yana zaune tsirara, babu abin da ya kewaye shi, a daidai tsayin kunnen wanda ke tsaye ko zaune a kusa, a kan kantar da ƙarƙashinta akwati ne fanko. Duk wanda ya taɓa ajiye wayar da ke girgiza a kan tebur ya san abin da katako ke yi wa ƙaramin sauti. Haka kantar ke zama ganga, injin ya zama makaɗi.

Na uku shi ne ɗan mitsitsi mai tankin kansa, wanda ake zuba wa ruwa kamar lita 5 da hannu ta sama, ba ruwansa da famfo. Kayan mutum 2 zuwa 4 yake ɗauka. Shi ne ya fi sauƙin ajiyewa, shi ne kuma ya fi surutu, don jikinsa roba ce siririya, ƙofarsa sau da yawa tana da tagar gilashi, babu wani abin kirki da aka cusa tsakanin bangon ciki da na waje. Ba abin mamaki ba ne a ga an rubuta masa desibel 55 zuwa 60. Tagar nan tana da ban sha'awa a kwanakin farko, yara ma sukan tsaya kallo, amma ta nan sautin ke fita.

Abin da lambar ke nufi

Mutane da yawa suna kallon 48 da 58 su ce ai goma ne kawai tsakani. Lissafin desibel ba irin lissafin mudu ba ne. Duk ƙarin 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka. Kunne kuwa yana jin ƙarin 10 kamar ƙarar ta zama biyu. Ke nan injin da ke 58 zai yi maka kamar ninki biyu na ƙarar mai 48 a kunne, alhali a ma'auni ƙarfin sautinsa ya ninka sau goma. Don a sami abin kwatance: raɗa tana wajen 30, ƙugin firiji wajen 40, hirar mutum biyu a kusa wajen 60. Injin da ya kusa 60 yana gogayya da muryarka ne kai tsaye. Za ka ga kana ƙara sautin talabijin ba tare da ka lura ba.

A Tarayyar Turai, tun daga watan Maris na 2021, takardar da ake manna wa kowane injin wanke-wanke tana ɗauke da ajin ƙara ban da ajin shan wuta. Ajin A ƙasa da desibel 39 ne, B daga 39 zuwa ƙasa da 45, C daga 45 zuwa ƙasa da 51, D kuwa daga 51 zuwa sama. Da wannan ma'auni za ka ga inda kowa ya faɗa: siririn yana B ko C, na kan kanta yana C ko D, mai tanki kusan kullum D. Ko ba a can kake ba, idan injin da kake dubawa ana sayar da irinsa a can, lambar tana cikin takardunsa, kuma ta fi duk wani kirarin talla amfani. Idan mai ƙira ya ce injinsa "shiru ne ƙwarai" amma bai rubuta lamba ba, ruwa ba ya tsami banza.

Sai dai lambar ma tana da iyakarta. A ɗakin gwaji ake auna ta, a tsarin wanki na tattali wanda aka rubuta wa Eco, kuma matsakaici ce ta dukan zagayen. Matsakaici kuwa yana ɓoye abin da ke tayar da mai barci. Ba shuuu ɗin fesa ruwa ke damun mutum ba, wannan kunne kan saba da shi cikin minti biyar. Abin da ke farkar da kai shi ne lokacin da komai ya yi tsit, sai famfon cikin injin mai fitar da ruwa ya tashi gurrr, ruwa ya kwararo cikin kwami, ko lokacin da murfin aljihun sabulu ya buɗe ɗas. A siririn inji ruwan datti yana bi ta bututu a ɓoye. A na kan kanta kuwa a fili yake zuba, a kan ƙarfen kwami, kuma wannan sautin ba ya cikin kowace takarda. Kada kuma ka ɗauko manhajar auna sauti a waya ka ce an cuce ka don lambobin ba su zo ɗaya ba. Abin da takarda ke faɗa jimillar sautin da injin ke fitarwa ne, abin da waya ke ji kuwa ya danganta da nisanka da kuma yadda bangon ɗakin ke mayar da amo.

In da hali, a cikin ukun nan siririn zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Amma yawancin masu neman ƙaramin inji ba don son ransu ba ne. Ko dai gidan haya ne da ba a yarda a taɓa bututu ba, ko kicin ɗin bai da wurin. To a nan abin dubawa uku ne kafin a miƙa kuɗi: lambar desibel, abin da aka yi cikin injin da shi, da irin moton. Ƙwanƙwasa bangon ciki da yatsa, ka kuma ƙwanƙwasa gefen waje. Wanda ya amsa da sauti gajere, dum, akwai abin da aka manna masa. Wanda ya yi amo kamar gwangwani, haka zai yi idan ruwa na dukansa. Moto mara buroshi, wanda ake kira inbata, yana tashi a hankali ya kuma rage gudu idan an buƙata, shi ya sa injunan da ke da tsarin wankin dare suke iya sassauta ƙarfin fesa ruwa su tsawaita lokaci. Nauyi ma shaida ne. Idan injuna biyu girmansu ɗaya, wanda ya fi nauyi shi ne galibi ya fi shiru.

Sautukan da suka zo daga baya

Kowace ƙara tana da harshenta, kuma idan ka saurara da kyau rabin gyaran ya ƙare.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan ƙa'ida, kamar agogo: farfelar fesa ruwa ce ke dukan wani abu. Na taɓa ɓata kusan awa guda ina neman wannan, ashe ƙotar ludayi ce ta zura ta ramin kwando ta sauko ƙasa da ɗan yatsa ɗaya. A ƙaramin inji tazarar da ke tsakanin kwando da farfela ba ta da yawa, ƙaramin kuskure ya isa. Tun daga nan ba na rufe ƙofa sai na juya farfelar da hannu sau ɗaya. Kacau-kacau mara tsari kuwa kofuna ne ke taɓa juna, ko wani marfin roba mara nauyi da ruwa ke wulli da shi.

Gurzawa, kamar an saka tsakuwa a injin markaɗe, musamman lokacin fitar da ruwa: wani abu mai tauri ya wuce filta ya shiga famfon fitar da ruwa. Gutsuren gilashi, tsinke, ɗan ƙashi. Cire filogi, kwashe ruwan, fitar da filta, ka duba da tocila. Da cokali ake lalube, ba da yatsa ba, don idan gilashi ne zai yanke ka kafin ka gan shi.

Dum guda ɗaya a cikin bango lokacin da injin ya gama shan ruwa: bawul ne ya rufe da sauri, ruwan da ke gudu a bututu ya daki ƙofa a rufe. Rage buɗin famfo kaɗan yakan sassauta shi. Fito siriri lokacin shan ruwa kuwa sau da yawa daga mahaɗin da aka ɗaura a bakin famfo ne, ko 'yar rariyar da ke bakin tiyo ta toshe.

Girgizar da ke sa cokulan cikin durowa rawa: ƙafafun injin ba su zauna daidai ba, ko bayansa na taɓa bango. Danna kusurwoyinsa huɗu ɗaya bayan ɗaya, idan ya yi rinjaye ka gano. Shimfiɗa mai kauri ta danƙo a ƙarƙashinsa, irin wadda ake sa wa injin wanki, tana yin aikin da zai ba ka mamaki. Tawul ba ya yi, yana jiƙewa ya yi wari, yana kuma iya toshe hanyar iska.

Kuka mai tsini da ke ƙaruwa wata bayan wata, ko an loda kaya ko ba a loda ba: boris ɗin moto ne ya fara ci. Wannan kam na makaniki ne.

Sai kuma tarin da na fara da shi, wanda shi ne ya fi yawa kuma shi ne aka fi ɗora wa inji laifi a kansa. Famfon wanki an yi shi ne ya tura ruwa. Ruwa ba ya matsuwa, kumfa kuwa iska ce a cikin riga. Da zarar kumfa ta shiga famfo, sai ya riƙa kama iska yana saki, ƙarfin fesawa ya faɗi, farfela ta rage gudu, sautin ya riƙa hawa da sauka. Biyu babu ke nan: ga ƙara, ga kwanuka ba su fita ba. Babban inji yana iya haɗiye ɗan kuskuren awo. Ƙarami ba ya iyawa, domin dukan wankinsa lita 6 zuwa 8 ne, kuma wannan ma an raba shi kashi uku ko huɗu. Ruwan da ke zagayawa a lokaci ɗaya bai fi abin da zai cika babbar butar shayi ba. A cikin wannan ɗan ruwan kake jefa sabulu.

Gari, ƙwaya, jel, ko ƙunshi

Da farko a kawar da abin da bai kamata ya shiga ba ko kaɗan: sabulun wanke-wanke na hannu. An yi shi ne ya yi kumfa, na inji kuwa an yi shi ne ya hana ta. Rabin ƙaramin cokali ya isa ya sa kumfa ta ɓullo ta ƙarƙashin ƙofa. Ko ragowar da ke jikin faranti ta isa, ni shaida ne. Garin sabulun wankin tufafi ma haka.

Sabulun inji na kirki abubuwa huɗu yake haɗawa. Akwai sinadaran da ke sa ruwan ya yi kaifi irin na kanwa don ya narkar da maiƙo, su kuma kama ma'adinan da ke cikin ruwa. Akwai enzayim, ɗaya mai cin furotin, ɗaya mai cin sitaci. Akwai bilic na iskar oksijin, wanda ke cire tabon da ke zama a cikin kofi. Sai ɗan sinadarin wanki mara kumfa. A da fosfet ne ke ɗauke da mafi yawan aikin, har aka gano yana haddasa yaɗuwar gansakuka a tafkuna da koguna. Jihohi fiye da 15 a Amurka suka taƙaita shi a 2010, Tarayyar Turai kuma ta sa iyakar giram 0.3 na fosforas a kowane awo daga Janairun 2017. Tun daga nan nauyin ya koma kan enzayim da wasu sinadarai irin su sitiret, abin da ya sa awo daidai da yanayin ruwa suka fi muhimmanci fiye da da.

Gari shi ne wanda na tsaya a kansa, kuma dalilina ɗaya ne tak: ni ke auna shi. Ranar da faranti huɗu ne da kofuna, ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Ranar da akwai tukunya mai maiƙo, in ƙara. Yana ɗauke da enzayim da bilic a tare, domin a bushe ba sa cin juna. Yana narkewa da wuri, don haka gajeren wanki ma yana amfana da shi. Kuma ana iya barbaɗa ɗan kaɗan a jikin ƙofa don ruwan farko ya sami abin aiki, abin da ƙwaya ba ta bayarwa, tunda ita tana kulle a aljihu har sai babban wanki ya fara. Aibinsa ba ɓoyayye ba ne. Yana shan danshi ya dunƙule, kuma garin da ya dunƙule ya riga ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa. Yana zubewa. Yana buƙatar ka yi tunani na daƙiƙa biyar, wanda wasu ba su da shi bayan doguwar rana. A ajiye shi a mazubi mai marfi, nesa da ƙarƙashin kwami inda danshi ke taruwa.

Ƙwaya, wato garin da aka matse ya zama dunƙule, ita ce ta fi farin jini, kuma a babban inji ba ni da ta cewa a kanta. Nauyinta yakan kai giram 15 zuwa 20, an auna ta ne don kayan mutum 12 zuwa 14. Saka ta guda a injin mutum 6 daidai yake da shan maganin babba ga yaro. Sabulun da bai sami datti ya ci ba ba ya zama haka nan, sai ya koma kan gilashi da zanen faranti, ya bar wani santsi da ɗanɗano a jikin kayan roba, ragowarsa kuma ta yi kumfa a ruwan ɗauraya. Ga matsala ta biyu: an yi ta ne ta narke a hankali. A wankin minti 30 sau da yawa za ka tarar da gutsurenta kwance a kan filta, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ga ta uku, wadda ta keɓanta da ƙananan injuna: aljihun sabulu yana jikin ƙofa, dab da kwando, babban faranti ɗaya ya isa ya tare murfin, ƙwayar ta maƙale rabi a ciki. Ana iya raba ta biyu da wuƙa, kuma haka ya fi, sai dai mai hawa-hawa kala biyu ko uku a yanka ta yadda kowane ɓari zai sami kowane hawa. Rabin da ya rage a rufe shi ruf. Wasu kamfanoni suna yin ƙananan ƙwayoyi musamman don irin waɗannan injuna, idan ka same su sun raba gardama.

Jel yana da kyau a ido kuma ana auna shi kamar gari. Ba ya barin gutsure, yana gauraya da ruwa nan take, shi ya sa ya dace da gajeren wanki mara zafi sosai da kuma ɗan inji mai tanki. Rauninsa daga halittarsa ne: a cikin ruwa bilic da enzayim ba sa zama lafiya a kwalba ɗaya, don haka yawancin jel ɗaya yake ɗauka ya bar ɗaya. Mai enzayim yana cire ragowar abinci amma tabon cikin kofi yana nan. Mai bilic na kulorin yana haskaka kofi amma yana fama da abin da ya bushe ya manne. Kuma hannu yakan zarce wajen zuba shi, domin ruwa-ruwa ne, ido ba ya ganin yawansa.

Ƙunshi, wato ɗan ƙullin da aka naɗe a wata leda mai narkewa, gari a gefe ɗaya jel a ɗaya, shi ne ya fi ƙarfin wanki a cikinsu, shi ne kuma ya fi rashin dacewa da ƙaramin inji. Ba ya rabuwa. Ko ka saka shi duka, ko ka bar shi. Idan hannunka ko aljihun yana da laima, ledar ta fara narkewa ta manne tun kafin a rufe ƙofa. A gidan da ke da ƙananan yara kuma akwai abin lura na daban, don kalolinsa suna kama da alawa, abin da ke ciki kuwa yana ƙona baki da ido. Wannan gargaɗin ya shafi dukan sabulun inji, amma ƙunshi ne ya fi jan hannun yaro.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: sinadarin da ke danne kumfa a sabulun inji sai ruwa ya ɗumama yake kama aiki sosai. A ruwan sanyi shi kansa yana ɗan yin kumfa. Shi ya sa wasu injunan suke tari a mintocin farko kawai, hita na gama aikinta su daidaita. Idan naka haka yake yi, ba lalacewa ba ce, rage awo ka gani.

Ruwan da kake da shi

Duk abin da na faɗa game da awo ya rataya ne a kan ruwa. Ruwa mai zartsi, wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa da sauƙi, yana ɗauke da kalsiyam da magnisiyam. Idan ya yi zafi sai su fita su zama farin ɓawo kamar alli a jikin hita, a cikin famfo, da kuma ramukan farfela. Ramin da ya ƙuntata yana fito, farfelar da rabin ramukanta suka toshe tana juyawa a karkace tana gogar mazauninta, hita mai ɓawo tana ƙara kamar butar da ta kusa tafasa. Wannan ƙarar ba ta zuwa dare ɗaya, shi ya sa ba a danganta ta da ruwa.

Littattafan bayanin injuna da yawa suna auna zartsi da ma'aunin Jamus, °dH, inda ɗaya yake daidai da kimanin miligiram 17.8 na alli a lita. Ƙasa da 8.4 ruwa ne mai laushi, sama da 14 mai zartsi ne. Akwai 'yan takardun gwaji da ake tsomawa a ruwa su canza kala, wasu injunan ma da su suke zuwa a cikin kwali. Minti ɗaya ne aikin, kuma ya fi wata shida na kame-kame.

A nan ma injunan uku sun sha bamban. Siririn da yawancin na kan kanta ƙirar Turai suna da wurin zuba gishiri a ƙasa, wanda ke farfaɗo da na'urar tausasa ruwa da ke ciki. Gishirin nan na musamman ne, mai manyan ƙwayoyi, ba na girki ba, don na girki yana da abin hana dunƙulewa da ke toshe na'urar. Masu tanki da yawa ba su da wannan wurin sam. Idan ruwanka mai zartsi ne kuma injinka ba ya shan gishiri, a nan ne kaɗai zan ce ƙwaya mai haɗe da komai ta fi gari, ko da rabi ce, don tana ɗauke da ƙarin sinadaran kama alli. Masu yin ta da kansu sukan ce tana iya riƙewa har zuwa wajen 21 °dH, daga nan sai da gishiri. Idan kuwa ruwanka mai laushi ne, abin ya juya: sabulu kaɗan ƙwarai kake buƙata, kuma ƙwaya guda a irin wannan ruwa ita ce hanya mafi sauri ta lalata kofunan gilashi.

Akwai gwaji mai sauƙi na gane wanne ke damunka. Ɗauki kofin da ya yi hazo ka goge shi da binega. Idan ya washe, alli ne, ruwanka na buƙatar gishiri ko ƙarin sabulu, injin kuma na buƙatar wanki fanko da sinadarin sitirik ko maganin da aka yi don haka. Idan hazon ya ƙi tafiya, gilashin ne ya cinye, ba ya dawowa, kuma sabulu ne ya yi yawa.

Sinadarin ɗauraya, wanda ake zubawa a ɗan aljihu na biyu, aikinsa shi ne ya sa ruwa ya silale daga jikin kaya maimakon ya tsaya ɗigo-ɗigo. Ƙananan injuna suna buƙatarsa don busarwarsu ba ta da ƙarfi. Amma shi ma yana kumfa. Wanda ya zube a jikin ƙofa lokacin cikawa, idan ba a goge ba, ya isa ya sa wanki na gaba ya yi tari daga farko har ƙarshe. Idan kana ganin shuɗin zane-zane a jikin kofi, rage lambar awonsa a injin. Idan kuma ƙwaya mai haɗe da komai kake sakawa, ka riga ka sami wani kaso a ciki, sai ka mayar da shi ƙasa-ƙasa.

To wa zai ɗauki me? Wanda kicin ɗinsa haɗe yake da falo, ko ɗaki ɗaya ne ake girki ake kwana, kada ya yarda da abin da ya haura desibel 49, ko da zai jinkirta saye. Siriri idan wuri ya yarda, in ba haka ba na kan kanta mai cikin ƙarfe, a kan shimfiɗar danƙo, da gari a matsayin sabulun kullum da rabin ƙwaya don dogon wanki mai zafi. Wanda kicin ɗinsa ke da ƙofar da ake rufewa yana da sauƙi, 52 ko 53 ba za su hana shi barci ba, gara ya mai da hankali kan ko injin na shan gishiri. Mai tanki kuwa na wanda ba shi da hanyar haɗa famfo ne, ko mai yawan ƙaura. Ya san cewa mai surutu ya ɗauko, ya kunna shi lokacin da zai fita ko lokacin da gidan ke a farke, ya ba shi jel ko gari ɗan kaɗan, ya manta da ƙunshi.

Nawa yana nan a kan kanta. Na daina goge faranti da soso, cokali nake sawa in kankare ragowar abinci cikin shara in jera su haka. Na lanƙwasa bakin tiyon ya kwanta a jikin bangon kwami maimakon ya riƙa zubowa daga sama, kwararar nan ta ragu sosai. A cikin mazubin gari akwai ƙaramin cokali da na ɗaura wa zare ja don kada ya koma cikin na shayi. Famfon fitar da ruwa har yanzu yana gurrr ɗinsa sau huɗu a kowane wanki, wannan kam da shi aka ƙera shi.